Andreas Miaoulis: Kwamandan da Ya Ƙone Jirgin Ƙasarsa da Hannunsa

A watan Agusta na 1831, a tashar ruwa ta tsibirin Poros, wani dattijo mai shekara sittin da ɗoriya ya ba da umurnin a cinna wa Hellas wuta. Hellas shi ne jirgin yaƙi mafi girma da jaririyar ƙasar Girka ta mallaka, wanda aka ƙera a New York da kuɗin bashi. Dattijon kuwa shi ne Andreas Miaoulis, mutumin da ya jagoranci yaƙin 'yancin ƙasar a kan teku.

Miaoulis ɗan tsibirin Hydra ne, fataken ruwa da ya tara dukiya da safarar hatsi a zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon. Bayan Girkawa sun yi wa daular Turkawa tawaye a 1821, aka ɗora masa jagorancin jiragen Hydra. Jiragen nan na fatauci ne, ba su kai na sarkin Istanbul girma ba, don haka ya dogara da dabara: a cika tsohon jirgi da albarushi da kwalta, a manna shi a jikin na abokan gaba, a kunna, matuƙa su tsere a kwalekwale. Da haka ya tare rundunar Turkawa da Misirawa a Gerontas a 1824, ya kuma sha kutsawa da abinci zuwa garin Missolonghi da aka yi wa ƙawanya.

A 1827 majalisar ƙasa ta miƙa rundunar ruwa ga Baturen Birtaniya, Thomas Cochrane. Miaoulis ya sauka ba gardama, ya koma kyaftin na Hellas a ƙarƙashin baƙon.

Sai dai bayan samun 'yanci, rigimar cikin gida ta kunno kai. Mutanen Hydra sun nemi diyyar jiragensu da dukiyarsu, baitulmali kuwa babu komai, suka kuma zargi Gwamna Ioannis Kapodistrias da mulkin kama-karya. Da suka ji ana shirin yi wa tsibirinsu ƙawanya, Miaoulis ya ƙwace jiragen gwamnati a Poros. Kapodistrias ya nemi agajin kwamandan Rasha, Ricord. Maimakon ya miƙa wuya, Miaoulis ya tarwatsa Hellas tare da wani jirgin.

Magoya bayansa sun ce zalunci ya hana. Masu sukarsa sun ce amana ya ci, domin jirgin na al'umma ne, kuma bashinsa na nan a wuyan talakawa.

Duk da haka, a 1832 yana cikin tawagar da ta je Munich ta miƙa wa Yarima Otto sarautar Girka. Ya rasu a 1835, aka binne shi a bakin teku a Piraeus. Zuciyarsa kuwa tana ajiye a gidan tarihi na Hydra, tsibirin da ya fifita a kan umurnin gwamnati a ranar da biyun suka yi karo.