Tulu Da Waƙa A Samarun Kataf

Duk wanda ya taɓa kwana a barikin soja ko na 'yan sanda a Ikko ko Badun, ya wayi gari ran Lahadi, da wuya bai ji wani kiɗa mai zurfin amo yana tashi daga majami'a ba, mata na amsa waƙa da Hausa. Wannan kiɗan tulu ne, kuma da yawa daga masu buga shi daga Kudancin Kaduna suka zo da shi, watau ƙasar da a dā ake kira Kudancin Zariya.

Samarun Kataf, a Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, gari ne na Katafawa, waɗanda ke kiran kansu Atyap. Harshensu Tyap ne. To, me ya sa yawancin waƙoƙin majami'unsu da Hausa ake yi?

Dalilin yana ga Turawan mishan na S.I.M. Sun kafa tasha a Kwoi cikin 1910, daga baya suka zauna Kagoro. Da suka tarar kowane tsauni da nasa yare, ga Jaba, ga Kaje, ga Kagoro, ga Kataf, sai suka ɗauki Hausa, harshen kasuwa da na En'e. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, ga kuma Littafin Waƙoƙi, wanda yawancinsa waƙoƙin Ingila da Amurka ne aka juya. A Kagoro ɗin nan aka kafa ikilisiyar ECWA cikin 1954.

Da fari Turawan ba su yarda da ganga ba, don suna ganin ta tsafi ce da gidan burkutu. Matan Zumunta ne suka warware wannan. Tulu dai kayan ɗebo ruwa ne, ba wanda zai ce na dodo ne. Mace takan zauna ta dafe shi, ta riƙa dukan bakinsa da ɗan matashi, babban tulu na gurnani, ƙanana na amsa masa, ga caki, ga kuge. Ɗaya ta ba da waƙa, saura su amsa, daidai yadda ake yi wajen daka ko gayya. Abin lura, a ƙasar da a dā aka hana mace ganin dodon Abwoi, yau idan Zumuntar Mata ta miƙe da anko, ko dattawan ikilisiya sai su gyara zama.

Waƙoƙin nan nasu ba a littafi suke ba. Su ke tsara abinsu, kuma ba sa rufa wa kowa asiri: miji mashayi, uwar miji mai mita, budurwa mai rawar kai, kowa na samun rabonsa. Bayan rikicin Zangon Kataf na 1992 da hare-haren da suka biyo baya a ƙauyukan yankin, su ne kuma masu waƙa a bakin kabari. Matasa na da tasu kwaya, ga 'yan Sabon Rai, amma yanzu jita da piyano sun fi ɗauke musu hankali.

Inda gizo ke saƙar shi ne maganar harshe. Wasu dattawan Atyap na kukan cewa Hausar majami'a ta cinye Tyap, har yaro ya girma a Samaru bai iya gaida kakarsa da yarensu ba. Sabon Alkawari ya fito da Tyap a 2015, ana kuma ƙara tsara waƙoƙi da shi. Sai dai a bariki, inda Bakatafiya ke zaune benci ɗaya da 'yar Bacama da 'yar Angas, Hausa ce kaɗai ke haɗa su. 'Ya'yansu da aka haifa a Ikko kuwa, da yawa Turancin buroka suka fi ji, kuma idan an kai su gida Kirsimeti sai dai su yi tafi, ba sa iya amshi.