Raunin Birki a Tsohuwar Ƙaramar Mota

Wannan bayani ya karkata ne ga wata matsala da direbobi da kanikawa ke fama da ita a Sabuwa da maƙwabciyarta Faskari, wato raunin birki a tsofaffin ƙananan motoci, waɗanda har yau su ne ke jigilar mutane da amfanin gona tsakanin ƙauyuka da kasuwannin Dandume da Funtuwa. Galibin motocin nan ƙirar Golf ce ta kamfanin Volkswagen, musamman zubi na biyu da aka fara ƙerawa a 1983 da na uku da ya fito a 1991, sai kuma ɗaiɗaikun Beetle, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975. Motar da ta haura shekara talatin tana aiki, kuma ake ɗora mata buhunan masara bisa kujerun da aka tanada don mutum biyar, dole birkinta ya gaji kafin injinta.

Birkin waɗannan motoci yana aiki ne da matsin ruwa. Idan direba ya taka, ƙarfin ƙafarsa yana tura wani fistin da ke cikin abin da kanikawa ke kira masta, shi kuma ya matsa man birki ta cikin siraran bututun ƙarfe da tiyon roba har zuwa ƙafafu huɗu, inda man ke tura fad ya matse faifan ƙarfe a ƙafafun gaba, ko ya buɗa takalman birki su goga cikin duram a ƙafafun baya. Dabarar ta dogara ne ga cewa ruwa ba ya matsuwa, alhali iska tana matsuwa, kuma daga wannan bambanci ne rabin matsalolin birki ke tasowa.

Kuskuren da ya fi yawa a gareji shi ne gaggawar yanke hukunci, domin da zarar direba ya ce birki ba ya kamawa, sai a tura yaro Funtuwa ko Zariya ya sayo masta, sau da yawa ma 'yar Beljiyam wadda shekarunta ba su gaza na wadda za a cire ba. Raunin birki kuwa ba cuta ɗaya ba ce, kuma yadda birkin ke amsawa a ƙarƙashin ƙafa yana bayyana inda laifin yake tun kafin a ɗauki sifana. Idan birkin ya yi laushi kamar soso, amma ya taso ya yi ƙarfi bayan an yi masa famfo sau biyu ko uku, to alama ce ta iska a cikin bututu. Idan kuwa ya yi nisa kafin ya kama, amma ya kama da tauri, to takalman baya ne suka cinye ko suka yi nesa da duram, kuma ana tabbatar da haka ta hanyar ɗan jan birkin hannu sannan a sake takawa, domin idan nisan ya ragu, laifin yana baya ne, masta ba ta da hannu a ciki. Masta ba ta shiga zargi sai idan an danne birki da matsakaicin ƙarfi aka riƙe, sai ƙafa ta riƙa nutsewa a hankali har ƙasa, alhali babu yoyo a ko'ina. A nan robobin cikinta ne suka saki, mai yana zagayewa ta gefensu, wani lokaci ma yana zuba cikin sabo, gwangwanin da ke bayanta, inda ido ba ya gani, don haka ake ganin mai yana raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba.

Sabo shi ne zagayayyen baƙin gwangwanin da ke bayan masta, wanda ke amfani da zuƙar iskar inji don ƙara wa ƙafar direba ƙarfi, kuma idan ya lalace birki yakan yi tauri ƙwarai amma mota ba ta tsayawa. Gwajinsa ba ya buƙatar ko kwabo: a kashe inji, a taka birki sau da dama har ya sandare, a riƙe shi, sannan a tayar da inji, idan ƙafa ta ɗan sauka to sabo lafiya yake, idan ba ta motsa ba sai a fara duba tiyon da ya haɗa shi da inji, wanda zafi ke tsattsagawa. Beetle ba ta da sabo, kuma yawancin waɗanda suka zo ƙasar nan duram ne a ƙafafunsu huɗu, wanda ake ɗaurewa da hannu ta hanyar juya ƙananan haƙora biyu a kowace ƙafa har takalmi ya fara taɓa duram sannan a ɗan sassauta, saboda haka mai irin wannan mota da ya ji birki ya yi nisa, ɗauri ya kamata ya fara nema.

Man birki shi ne ɓangaren da aka fi wulaƙantawa, domin mutane da yawa sun ɗauka cewa aikinsu a kansa ya ƙare da ƙarawa idan ya ragu. Nau'in DOT 3 da DOT 4, waɗanda su ne a kasuwa, suna shan danshin iska a hankali, kuma wannan yana rage zafin da za su jure kafin su tafasa. Ƙa'ida ta tanadi cewa sabon DOT 4 kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma idan ya sha ruwa iyakar kan sauko zuwa 155, shi kuwa DOT 3 daga 205 zuwa 140. Motar da ta sha lodi, kuma direbanta ya daɗe yana taka birki a gangare, tana iya kai man ga tafasa, sai tururi ya cika bututu, ƙafa ta tafi ƙasa ba komai, a ce birki ya shanye, bayan rabin sa'a kuma ya dawo kamar babu abin da ya faru. Masu ƙera motoci na ba da shawarar a zubar da man gaba ɗaya a sabunta duk shekara biyu, kuma a yankin da damina ke da ƙarfi kamar Sabuwa wannan wa'adi ba tsanani ba ne.

Akwai dabaru biyu na fita kunya da suka zama ɗabi'a a wasu tashoshi, kuma dukansu sun cancanci suka ba tare da sassauci ba. Ta farko ita ce zuba ruwan omo a madadin mai, wanda zai iya kai mota gari na gaba, amma yana tafasa a digiri 100 ko kusa da haka, yana kuma cin cikin masta da bututu da tsatsa. Baƙin mai ko man giya ma ba su fi shi ba, don suna kumbura robobi har su toshe hanya. Ta biyu ita ce kashe birkin ƙafar da ke yoyo ta hanyar naɗe bututunta ko toshe shi da ƙusa, abin da ke barin mota da ƙafa uku, ta riƙa fizgewa gefe a daidai lokacin da ake buƙatar ta tsaya sak. Robar da za ta magance yoyon tana cikin kayan gyara mafi araha, kuma takalmin da mai ya jiƙa sauya shi ake yi, hagu da dama tare, domin wanki ba ya fitar da man da ya riga ya shiga jikinsa.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne, ɗaya yana takawa ɗaya yana buɗe ƙaramin noti a bayan taya, a kan fara da ƙafar da ta fi nisa daga masta, a rufe notin kafin mai takawa ya ɗaga ƙafarsa, kuma kada a bar kofin mai ya ƙafe a tsakani. A tsohuwar mota yana da kyau a sa guntun katako a ƙarƙashin abin takawa don kada ya kai ƙasa, saboda can ƙuryar masta, inda fistin bai saba zuwa ba, tsatsa kan taru ta yaga robar da a da take lafiya, a shigo da matsala ɗaya a fita da biyu. Ƙurar cikin duram kuma ba a hura ta da baki, goge ta ake yi da jiƙaƙƙen tsumma, don tsofaffin takalma na iya ɗauke da asbestos mai illa ga huhu.

Ko bayan gyara, nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya yana ninkuwa kusan huɗu idan gudu ya ninku biyu, kuma sabon fad ko takalmi ba ya kamawa sosai sai ya zauna bayan an yi ta taka shi a hankali. Direban da ya ratsa ruwa da damina zai tarar duram ya jiƙe, sai ya tafi sannu yana ɗan danna birki har ya bushe. Gwajin ƙarshe ana yin sa ne a fili mai ƙasa wanda babu mutane, a taho da gudu kaɗan a taka da ƙarfi, sannan a sauka a duba sawun tayoyi, domin ƙafar da ba ta ja ƙasa ba, ko wadda ta riga 'yar'uwarta kamawa, ita ce za a sake ɗagawa da jak a buɗe.