Maƙwabtaka a Gidan Haya: Misali Daga Kazaure da Kewayenta

Idan aka ambaci maƙwabtaka a ƙasar Hausa, abin da yakan fara faɗo wa mutum a rai shi ne gidaje biyu waɗanda katanga ta raba, kowanne da zaurensa, kowanne da maigidansa. To, amma akwai wata irin maƙwabtaka wadda ta shafi kusan duk ɗalibin da ya bar garinsu don neman ilmi, da duk ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki. Ita ce ta mutanen da ba dangin iya ba na baba, amma ƙofar shiga ɗaya ta haɗa su, da famfo ɗaya, da makewayi ɗaya. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba irin wannan zama a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, a kuma nemi dalilin da ya sa mutane masu kirki, waɗanda ba a taɓa jin kansu da kowa ba a garuruwansu, sukan wayi gari suna gaba a kan tsintsiya ko igiyar shanya.

Ya kamata a fara da yadda gidan haya ya sami gindin zama a wannan yanki. Kazaure tsohuwar masarauta ce wadda Ɗan Tunku ya kafa wajen 1819, kuma ta daɗe tana karɓar baƙi, kasancewarta a kan hanyar Kano zuwa Daura. Sai dai baƙon da can a hannun mai masauki yake sauka, shi ne kuwa mai lamuninsa a gari. Baƙon da yake biyan kuɗi ya karɓi mabuɗi, ba tare da kowa ya tsaya masa ba, aikin gwamnati da makarantun zamani ne suka yawaita shi. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya watsa ma'aikata cikin garuruwa, kuma ƙirƙiro Jihar Jigawa daga Jihar Kano a 1991 ya ƙara yawansu. A wannan shekara ce aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha wadda a yanzu take ɗauke da sunan marigayi Sarkin Kazaure Hussaini Adamu, wadda Gwamnatin Tarayya ta karɓa a 2007. Roni da Gwiwa sun zama hedkwatocin ƙananan hukumomi, da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti masu bukatar ɗaki. Babura kuwa, ban da kasuwancin bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, ta sami jami'ar fasaha ta tarayya a 2021. Kwatas ɗin gwamnati bai taɓa isar jama'a ba, saboda haka masu hali suka shiga gina ɗakuna a jere, ɗai-ɗai ko ciki da falo, suna zuba 'yan haya. Bene mai hawa-hawa irin na manyan birane bai yawaita a nan ba. Gidan haya na ƙasa mai tsakar gida ɗaya shi ne ruwan dare.

Kafin a gane abin da ya ɓace a irin wannan gida, sai an tuna da aikin da ginin gargajiya yake yi. Zaure ba ado ba ne. Shi ne iyakar baƙo namiji, a nan zai yi sallama ya tsaya. Bayansa akwai shigifa, wadda akan kauce wa saita ƙofarta da ta zaure don kada idon mai wucewa ya kai tsakar gida. Katanga tana tare ido, kaurin ginin ƙasa yana rage ƙara. A gidan gandu ma, inda sassa da yawa suke tarayya a rijiya da turmi, akwai maigida guda wanda maganarsa take yanke gardama, akwai kuma uwargida wadda ta san ranar girkin kowa da ranar sharar kowa. Watau dai rabin ladabin maƙwabtaka gini ne yake ɗauke wa mutum nauyinsa, sauran rabin kuwa shugabanci ne. Gidan haya ya zo ba zaure, ba maigida. Mai gidan yana wata unguwa ko yana Kano, wakilinsa kuma ba a ganinsa sai wa'adin biya ya yi.

Daga nan ne ƙananan fitinu suke tasowa, kuma idan aka lura za a ga kusan dukkansu a kan abin tarayya ne wanda ba shi da mai shi. Ba a cika jin 'yan haya sun yi faɗa a kan abin da ke cikin ɗaki ba. Makewayi ne da kowa yake shiga amma ba wanda ya ɗauki wankinsa. Kwata ce da ta toshe da ruwan wanke-wanke har ya kwanta a ƙofar ɗakin ƙarshe. Bola ce da ta cika. Layin famfo ne, inda bokitin da aka ajiye tun asuba yakan koma baya ba a san wanda ya matsar da shi ba. Akwai akuyar da ta ci tsakin da aka shanya. Akwai faɗan yara, wanda su yaran sukan manta kafin la'asar, iyaye mata kuwa su riƙe shi har Salla.

Kuɗin wutar lantarki ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin a nan ne lissafi yake karo da kunya. Gida mai ɗaki takwas sau da yawa mita ɗaya gare shi, takarda ɗaya kamfanin KEDCO yake kawowa. In aka raba daidai wa daida, ɗalibi mai ƙwan fitila ɗaya da waya zai ga an ci da guminsa, tun da maƙwabcinsa yana da firji da dutsen guga da abin dafa ruwa. In aka ce a ƙirga kayan wuta, sai a tarar ba mai yarda a leƙa masa ɗaki, ga shi kuma abin dafa ruwa ba ya da wuyar ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Mita mai kati ba ta kashe gardamar ba, ta dai sauya mata lokaci: maimakon ƙarshen wata, sai ta tashi a daren da kuɗin ya ƙare. In kuma an ɗauke wuta, sai ƙaramin janareto, wanda mutanen Kudu suka raɗa wa suna mai ma'anar “na fi maƙwabcina”. Shi wannan ya wuce zancen ƙara. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba wadda ba ta da wari ko launi, ta kuma sha hallaka iyalai cikin barci a Nijeriya. Wanda ya ajiye shi a ƙarƙashin tagar wani, don nesanta ƙarar daga tasa tagar, da ran mutane yake wasa.

To, me Bahaushe yake yi idan an ɓata masa? Tarbiyyarsa ta koya masa kunya da kawaici da kara, halaye masu daraja waɗanda suka riƙe gidajen gandu shekaru aru-aru. Amma a can kawaici yana da mafita, domin wanda ya yi shiru ya san akwai babba mai gani, wanda zai kira mai laifi gefe ya ja masa kunne. A gidan haya ba mai gani. Malamin makaranta wanda rediyon maƙwabcinsa ya hana shi barci zai gaishe shi da safe, “Malam, an tashi lafiya?”, ya wuce. Matarsa ma ba za ta ce uffan ba, sai dai a ji ta tana yi wa ɗanta faɗa da murya sama, “Abba, ba na hana ka taɓa kayan mutane ba? Mu ba mu iya rashin ta-ido ba!” Kowa a gidan ya san ba da Abba ake ba. Habaici ya maye gurbin magana, gaisuwa ta fara gajarta, kwanon abincin da akan aika ya daina zuwa. Shi kuwa mai rediyo wataƙila har ya bar gidan bai san laifinsa ba. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Ba su ce a saɓa a rasa wanda zai faɗi dalili ba.

Abin mamaki shi ne littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kazaure da Roni ba su ji kunyar waɗannan al'amura ba ko kaɗan. Alƙur'ani, a aya ta 36 ta Suratun Nisa'i, ya yi umurni da kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa, malamai kuwa suka sauko da umurnin har kan taga da magudanar ruwa. Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan wanda ya rasu a 996, ta hana mutum buɗe tagar da za ta tona asirin gidan maƙwabcinsa, ko ƙofar da ta saita tasa, ko haƙa ramin da zai cuce shi, ko da a cikin mallakarsa ne. Ta ma yi hukunci a kan bene mai mamallaka biyu: gyaran ƙasa yana kan mai ƙasa, in ya ƙi a tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. A ƙarni na 14 wani magini na birnin Tunis, Ibn al-Rami, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, inda ya bi cutarwar hayaƙi da wari da ƙara da leƙe ɗaya bayan ɗaya. Hanyar waɗannan malamai ita ce su ambaci abu da sunansa, su kuma faɗi wanda nauyinsa yake wuyansa.

Wannan ita ce hanyar da gidajen hayar da suka zauna lafiya suke bi, ko sun san asalinta ko ba su sani ba. Sukan naɗa dattijon cikinsu ya zama kamar maigida, su rubuta ranakun shara da wankin makewayi su manna a bango, su yanke kason kuɗin wuta tun ran da sabon ɗan haya ya sauke kayansa, lokacin da ba a riga an ɓata ba balle maganar ta zama zargi. Inda aka haɗa ɗalibai samari da masu iyali, wanda shi ne haɗi mafi wuya a garuruwan da matan aure suke tsare sirrinsu, mai gida mai hankali yakan fitar wa samarin ƙofa ta waje da makewayinsu dabam. In abu ya gagara, sai a kai wa mai unguwa, kafin a kai ga dagaci ko alƙali.

Alƙali kuwa yana da tambayar da yakan yi wa mai ƙara, wadda ya kamata mai yawan kawaici ya sani tun da wuri: yaushe cutar ta fara, kuma me ka ce a lokacin? Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a 1426, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna aiki da shi, ta bambanta sabuwar cuta da tsohuwa. Sabuwa ana kawar da ita. Amma wanda yake zaune a gari, yana gani aka karkato da indararo cikin gidansa, ya yi shiru har shekara 10 ba tare da wani uzuri ba, to ya rasa damar yin ƙara a kai.