Kwabo mai huji a Magarya da Dungas: Abin da ya kamata ka sani kafin ka sayar

Har gobe idan mutumin Magarya ya ce ba shi da ko anini, kuɗin Ingila yake ambato, duk da cewa Faransa ce ta mulki ƙasarsa. A gidaje da dama na Magarya da Dungas a jihar Damagaram, ana samun irin waɗannan tsabar a akwatin kakanni. Yanzu da hotunansu ke yawo a Facebook da WhatsApp tare da labarin miliyoyi, matasa sun fara tambayar nawa za su yi.

Gyaɗa da fatauci ne suka kawo su. Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, manoma da fataken wannan yanki suka riƙa tsallaka iyaka zuwa kasuwanni irin su Ɓaɓura da Maigatari, suna komowa da anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule da fataka.

An fara buga anini da kwabo masu huji a 1907, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. A 1912 Ingila ta kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma, wadda ta fito da sule da fataka a 1913. Na farkon azurfa ne, har zuwa 1920 da aka koma tagulla. Najeriya ta fito da nata tsabar a 1959, naira kuma ta zo a 1973.

Gaskiya ne ana sayen wasu tsofaffin kuɗin Ingila da tsada. A watan Janairun 2020 an sayar da wani kuɗin zinariya mai hoton Sarki Edward na 8 a kan fam miliyan ɗaya. Sarkin ya yi murabus a Disamban 1936, kafin kuɗin su shiga hannun jama'a, don haka 'yan ƙalilan ne suka rage. Haka kwabon Ingila na 1933, wanda aka buga kusan bakwai kacal.

A nan ne mutane ke ruɗewa. Akwai kwabo mai huji na 1936 da ke ɗauke da sunan wannan sarki, amma an buga shi da miliyoyi, farashinsa bai wuce 'yan fam kaɗan ba. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Masu tarawa suna duba shekara, da yawan da aka buga, da lafiyar kuɗin, da ɗan harafin masana'anta, kamar H ko KN na birnin Birmingham.

Ga 'yan uwa mazauna Turai masu son saye, kamfanonin gwanjo na Landan irin su Spink da Noonans suna wallafa hotunan kayansu da ƙiyasin farashi a intanet kafin ranar taye. Sai dai mai saye yana biyan la'ada a kan farashin da aka sallama, sau da yawa fiye da kashi 20 cikin 100.

Mai riƙe da su a gida asara biyu ke jiransa. Ko ɗan damfara ya karɓi "kuɗin tantancewa" da alƙawarin kawo mai saye daga waje, ko kuma a ba maƙeri sulen azurfa a narke shi a farashin banza.

Kada a goge su da toka ko lemun tsami, domin gogewa tana karya darajarsu. A ɗauki hoton fuska biyu, a kwatanta da farashin da aka sayar da irinsu a gwanjo. Idan bai taka kara ya karya ba, a adana wa yara, su ga kuɗin da kakansu ya sayar da gyaɗarsa.