Matsayin Tsiren Allura da Wanzanci a Dokar Nijeriya

Tsiren allura magani ne na Sinawa, inda ake soka siraran allurai a wasu gurabu na jiki. Dokar soja mai lamba 78 ta 1992 ta ɗora wa Hukumar Likitoci ta Nijeriya alhakin yi wa masu wannan sana'a rajista. Sai dai dokar ba ta ambaci wanzanci ba, alhali shi ma huda fata ake yi. Don haka wanzamin da ke yin ƙaho a unguwar Asata ta Inugu, izininsa gado ne da shaidar jama'a. A ƙasar Hausa, Sarkin Aska ke tsawata wa wanzamai. A baƙunta kuwa, idan aska ta yi ɓarna, majinyaci kan rasa takamaimiyar hukumar da zai kai wa kuka.