Kumfar Ruwa: Ƙaramar Aba Mai Ruɗa Masu Auna Zurfi

Mutanen Ibeto da sauran garuruwan ƙasar Kwantagora da ke zuwa cin kasuwa a bakin Tafkin Kainji sun san yadda farfelar jirgi kan bar farar kumfa a bayanta. Wannan kumfa da kowa ya raina, ita ce babbar abokiyar gabar ma'aikatan da ke auna zurfin ruwa, a teku ko a tafki.

Ga yadda aikin yake. A gindin jirgi akan liƙa wata na'ura da ake kira sona, wadda ke aika sauti ƙasa, ta saurari amsa-kuwwarsa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwan teku, amma mita 340 kacal cikin iska. Daga lokacin da ya ɗauka zuwa da dawowa ake lissafa zurfi.

To, kumfa iska ce tsantsa. Idan igiyar ruwa ta tura ta ƙarƙashin jirgi, sai ta warwatsa sautin, ta shanye wani sashe. Nan da nan na'ura ta kurumce, taswira ta fito da giɓi, ko kuwa ta nuna tudu inda babu tudu. Abin mamaki, wannan hali na iska shi ke tona asirin kifi, domin jakar iskar da ke cikinsa ce ke mayar da sauti.

Batun ya shafi Kainji ƙwarai. Tun da aka gama madatsar a 1968 Kogin Kwara ke jibge laka a tafkin, ga kuma kututturan itatuwan da ruwa ya haɗiye. Giɓi ɗaya a taswira yana iya ɓoye kututturen da zai fasa jirgi cike da fasinja.

Saboda haka gwanayen aikin sukan rage gudu, su guji sawun wani jirgi, su dakata in iska ta taso, su kuma sauke na'urar ƙasa da inda kumfa ke bi. Manyan jiragen safiyo, irin su NNS Lana da Rundunar Sojan Ruwa ta karɓa daga Faransa a 2021, su ma ba su tsira daga wannan doka ba. Gara a ɓata yini ana jiran ruwa ya kwanta da a buga taswirar da za ta yaudari matuƙi.