Suna Ɗaya, Aiki Barkatai: Obalodin a Tsarin Manhajar Kwamfuta

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wata ƙa'ida ta rubuta manhajar na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda masana ke kira obalodin. Kalmar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa ganin motar masara ta yi obalodi a tashar Funtuwa. A nan kuwa suna ake ɗora wa kaya, watau a ba ayyuka da dama suna guda.

Asalin Al'amarin

A shekarar 1967 ne Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard na ƙasar Nowe suka fito da harshen kwamfuta mai suna Simula 67, wanda ya kawo tsarin kasa manhaja aji-aji. Kowane aji yana ƙunshe da bayanai da kuma ayyukan da ake yi da su. Harsunan da suka biyo baya, kamar C++ wanda Bjarne Stroustrup ya soma a 1979, da Java na 1995, sun yarda a sami ayyuka biyu ko fiye masu suna ɗaya a aji guda, muddin bayanan da ake miƙa musu sun bambanta.

Ɗalibin Hausa ya riga ya san irin wannan a nahawu. Dubi aikatau "ci": an ci tuwo, an ci jarrabawa, an ci amana, an ci sarauta. Kalma ɗaya ce, amma karɓau shi ke fayyace ma'anar da ake nufi. Haka tafintan na'ura, watau manhajar da ke juya rubutun ɗan'adam zuwa harshen inji, yake yi. Yakan dubi yawan bayanan da aka miƙa, da irinsu, da jerinsu, sa'an nan ya zaɓi aikin da ya dace tun kafin manhajar ta soma gudana.

Misali Daga Ƙasar Maska

A ce wani ɗalibi zai rubuta wa ƙungiyar manoma manhajar ciniki da Java. Sai ya kafa aji mai suna Ciniki, ya sa masa ayyuka uku, duk da suna "kuɗi". Na farko yana karɓar cikakkiyar lamba ɗaya, ya ba da kuɗin buhunan masara. Na biyu yana karɓar lamba biyu, buhu da tiya. Na uku yana karɓar lamba mai ɗigo, ya ba da kuɗin auduga bisa kilo. In aka rubuta kuɗi(10), na farko zai amsa, kuɗi(10, 5) na biyu, kuɗi(50.5) na uku.

Amfanin wannan shi ne rage wa mai rubutu haddar sunaye. Harshen C ba shi da obalodin, shi ya sa yake da abs da labs da fabs don aiki iri ɗaya. Java kuwa yana da println har iri 10, amma suna guda mutum zai riƙe.

Inda Gizo Ke Saƙa

Sai dai akwai hatsari. Idan audugar manomi ta yi kilo 50 cif, aka rubuta kuɗi(50) maimakon kuɗi(50.0), tafinta zai ɗauka buhu 50 na masara ake nufi, kuma ba zai yi gargaɗi ba, domin a wurinsa ba a karya doka ba. Ɗan Adam yakan gane manufa daga muhallin magana. Na'ura ba ta ganin kowane muhalli sai irin lambar. Bugu da ƙari, bambancin irin amsar da aiki ke bayarwa shi kaɗai bai isa a raba ayyuka biyu ba. A harshen Python kuma, aikin da aka rubuta daga baya shafe na farko yake yi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa obalodin ya fi dacewa da ayyukan da manufarsu ɗaya ce, kamar buhu da buhu haɗe da tiya. Inda ma'ana ta rabu, kamar masara da auduga, gara kowanne ya sami sunansa. Zaɓen suna kuwa aikin masana harshe ne, don haka ɗaliban wannan sashe suna da abin cewa a fagen.